Ƙarfen da Darren Ya Lanƙwasa

Na ga saƙonninku, na ga masu cewa ko an ɗaura ne a ɓoye ban gayyace ku ba. Ba a ɗaura komai ba. Ƙarfe na tafi nema, kuma ƙarfen nan ne ya tsoma ni a halin da nake ciki. Ga sababbin zuwa, sunana Josette Micallef, 'yar auta a gidanmu da ke St Albans, ina aiki a wani kantin magani kusa da tashar jirgin ƙasa. Ku gyara zama, yau zuciyata cike take.

A garejin bayan gidanmu akwai wata mota da Baba ya haɗa da hannunsa. Tun ina firamare aka kawo ta gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, ya samo mata inji daga wata mota da ta yi hatsari, ya yi ta ɗaurawa yana kwancewa har na gama makaranta. Kujera biyu gare ta, babu rufi, babu ƙofa, ga ta ƙasa-ƙasa, in kana zaune za ka iya shafa kwalta da tafin hannunka. Baba yana kiranta Sinjura. Mama kuwa ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai akwatin gawa mai taya.

Bara ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Mutumin da in ya fara surutu sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Kullum da hantsi sai an tura kekensa zuwa bakin gareji, a rufa masa bargo a ƙafa, ya zauna yana kallon Sinjura. Kallon kawai.

Abokansa na ƙungiyar masu haɗa mota suka zo gaishe shi, suka ce in bazara ta shigo suna da taro a filin tsere na hawan tudu, in na yarda na tuƙa, za su bar ni na zaga da shi a hankali ko sau ɗaya ne. Ranar na ga Baba ya yi dariya da rabin bakinsa. Sai dai akwai sharaɗi. Motar da ba ta da rufi ba ta shiga fili sai da ƙarfen kariya, wani bakan ƙarfe da ake kafawa a bayan kujeru, wanda in mota ta kife shi zai daki ƙasa maimakon kan mutum. Shi kaɗai ya rage wa Sinjura. Baba har ya riga ya yanka siffarsa a jikin wani falange, ya rataye a bango, sai ciwon ya riga shi.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Oh ni Josette, da bakina na faɗa!

Ashe ba kowane bututu ake yi da shi ba, sai wanda ba shi da ɗinki a jikinsa, mai kauri daidai yadda doka ta ce. Duk hutun cin abincin rana a waya nake ƙare shi. Wannan ya ce ya ƙare, wancan ya ce sai an kawo daga Sydney, wani kuma ya ce, "'Yan mata, ba maigidan naki wayar mana, mu yi magana." Na ga wani tsohon ƙarfe a intanet, na tuƙa har Ballarat cikin ruwan sama, na tarar tsatsa ta ci gindinsa, kuma bai ma kai faɗin motarmu ba. Da na samu bututun daga ƙarshe, na kai wa masu gyaran salansa su lanƙwasa. Suka miƙo min shi ya lotse a gwiwa kamar tsinken shan lemo da yaro ya tauna. A mota na zauna na yi kuka mai isata.

To a nan Tevita ya shigo maganar.

Tsofaffin masu karatu sun san shi. Tevita shi ne ke tura marasa lafiya a asibitin da Baba ya kwanta. Iyayensa mutanen Tonga ne, kuma in ya shigo ɗaki sai ya sunkuya saboda kada ya daki saman ƙofa. Shi ke ɗaga Baba daga gado kamar jariri yana cewa, "Oga Salvu, yau ma tsere za mu yi, riƙe da kyau." Baba yana sonsa, amma a matsayin yaron asibiti. Bai san cewa tun daga lokacin ba na iya barci sai na ga saƙonsa ba.

"Kuka kike yi a kan bututu?" in ji shi a waya. "Jojo, kawuna ya ce a can gida yashi suke ɗurawa a ciki, su gasa da wuta, su lanƙwasa a jikin itace. Kawo ragowar."

Muka haɗu a bayan gidan yayansa ranar Asabar, shi da 'yan uwansa maza, kowa kamar bishiyar kuka. Suka ɗura yashi, suka toshe baki, suka gasa har ya yi ja, suna ja suna waƙar coci. Matar yayan tana gasa nama tana musu tsiya, wai ƙarfi kamar shanu, tunani kamar kaji. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ƙarfen ya lanƙwasu kam, amma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na kai wa Malam Keith, dattijon da ke duba motoci a ƙungiyar. Ya shafa gwiwar da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Wuta ta kashe shi, 'yata. Wannan in mota ta kife, naɗewa zai yi. Ki nemi mai injin lanƙwasa na gaskiya."

Duk yankinmu, kun san wa ke da injin?

Ina shiga kicin na tarar Mama tana naɗa pastizzi, irin samosar nan ta ƙasarsu ta asali, hannu duk man shanu, ta ɗora rigar girki mai hoton cocin garinsu a kan baƙar suwaita. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"An gama yawon?"

"Wane yawo, Mama?"

"Yawon neman abin da yake bakin ƙofarki. Darren yana da injin nan tun kafin ki san ana lanƙwasa ƙarfe. Girman kai ne ya hana ki."

Darren Spiteri ɗan Anti Connie ne, aminiyar Mama, bencinsu ɗaya a coci tun suna amare. Yana da wurin aikin ƙarfe a unguwar Sunshine. Tun da Baba ya kwanta, shi ke zuwa yanke mana ciyawa, shi ya yi mana gangaren keke a bakin ƙofa, ko ruwa ba ya tsayawa sha. Ya taɓa tambayata ko zan fita da shi, na ce ina da uzuri, bai sake tayar da maganar ba. Anti Connie da Mama ne ba su daina ba.

Na ce, "Mama, in na roƙe shi, kin san yadda za a fassara."

"A fassara mana. Ƙarya za a yi?" Ta danna bakin pastizzi da ƙarfi. "Yaro namu, yarenmu, cocinmu, ga sana'a. Ke kuma kin liƙe wa wancan zabgegen, da za ki shiga gidan da mutum talatin ke cin tukunya ɗaya."

"Sunansa Tevita."

"Rage murya!" Ta leƙa falo, inda Baba ke gyangyaɗi gaban talabijin. "Likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Jininsa kullum a sama yake. Kina so ki ƙarasa shi ne, Josette? In kina so, je ki faɗa masa yanzu, ga shi can."

Ku gaya min, me ake ce wa wannan? Na tsaya riƙe da jakata kamar baƙuwa a gidanmu. Da yamma na tura wa Darren saƙo. Kafin na ajiye wayar ya amsa: "Gobe zan zo na auna."

Ya zo da tef ɗin awo da wata tsohuwar hular kwano. Ya gaishe da Baba, "Kawu Salvu, yau za mu yi wa Sinjura rawani," ya sa ni na shiga kujerar direba na kifa hular. Ya ɗora sanda a saman kaina ya auna, ya sauko da falangen Baba daga bango ya gwada, ya jinjina kai.

"Aikin Kawu ba ya buƙatar gyara. Ku biyun duk gajeru ne, yatsa uku a saman hula ya wadatar. Ki samo sabon bututu, sauran nawa ne."

Baba ya ɗaga hannun hagu ya dafa kafaɗarsa. Mama tana taga tana kallo, fuska kamar an yi mata albishir.

Bututun dogo ne, ba ya shiga motata. Wanda na sani mai a-kori-kura kuma yayan Tevita ne kaɗai. Na so a ba ni aron motar na je ni kaɗai, Tevita ya ce ba zan iya ɗauka ba, kuma gaskiyarsa. Haka muka isa wurin Darren, Tevita ya saɓo bututun a kafaɗa ɗaya, ya sunkuya ya shiga ƙofa.

Darren ya goge hannu a tsumma, ya ɗaga kai sama don ya ga fuskar Tevita.

"Darren."

"Tevita. A ina zan ajiye, maigida?"

Na buɗe baki na ce, "Abokina ne, ya taimaka min da..." sai maganar ta maƙale. Tevita ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce ma da na fi jin sauƙi. Darren ya dube shi, ya dube ni, ya ce ko za mu sha shayi. Muka sha a tsaye, a kofuna masu tabon baƙin mai, suna hirar ƙwallon zari-ruga kamar ba ni a wurin.

A hanyar komawa Tevita bai kunna rediyo ba. Sai da muka tsaya a danja ya ce, "Mutumin kirki ne."

"Na sani."

"Abin da ya ɓata min rai ke nan. Na so ya zama ɗan iska." Ya murza sitiyari da tafin hannu. "Aboki, ko?"

"Tevita, don Allah."

"A gidanmu kowa ya san ki. Mahaifiyata har ta fara ajiye miki tabarmin aure, irin waɗanda muke ɗaurawa a ƙugu ranar girma. Ni kuwa a gidanku ɗan dako ne. Da farko kin ce sai an sallamo babanki, na jira. Kika ce sai ya fara magana, na jira. Yanzu sai an gama mota. In an gama mota sai me?"

"Jininsa..."

"Ni na ɗaga mutumin nan daga gado, Jojo. Na san ƙarfinsa fiye da yadda kuka sani. Ba ƙwai ba ne."

Da ya sauke ni a kan kwana, nesa da gida kamar kullum, ya ce, "Ba zan sake sauke ki a nan ba. Zan zo na gaishe shi yadda ake yi." Na ɗauka zafin rai ne. Kwana biyu ina tura masa saƙo, "Ka ci abinci?", "Fushi kake?", yana amsawa da kalma ɗaya ɗaya.

Ranar Juma'a Darren ya aiko cewa an gama, zai kawo ranar Lahadi bayan coci. Mama ta karɓe maganar daga nan. Kafin na ankara an gayyaci Anti Connie da mijinta cin abinci, an je an ɗauko Nanna Guza, kakata ta wajen uwa, daga gidan kawuna. Aka sayo zomo, aka jiƙa shi da tafarnuwa tun ranar Asabar. Aka fito da farantan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai Kirsimeti.

Na sa wandon jins da suwaita. Mama ta tare ni a bakin ɗaki.

"Gareji za ki share?"

"Ƙarfe za a ɗaura, Mama."

"Koma ki sa koriyar rigar nan. Da sarƙar Nanna."

Na koma na sa. Koriyar riga mai dogon hannu, ta kama ƙugu ta saki ƙasa, da sarƙar zinariya mai ƙaramin gicciye, da takalmin da ke cin diddigena. Na dubi madubi, na ga yarinyar da aka shirya za a miƙa. Wayata ta yi ƙara a kan gado. Tevita ne: "Mun fito daga coci." Shi ke nan. Na rubuta, "Yau muna da baƙi, don Allah ba yau ba." Ya karanta. Bai amsa ba.

Abinci bai wuce min ba. Anti Connie sai yaba miyar take tana cewa ai 'ya tana gadon hannun uwa, alhali ko albasa ban yanka ba. Nanna, da kunnenta ya yi nauyi, ta tambaya da ƙarfi ko an sa rana, kowa ya yi dariya ban da ni da Darren. Shi kansa a sunkuye, yana juya taliya da cokali mai yatsu, wuyan farar rigarsa ya matse shi.

Bayan an ci aka ɗunguma gareji. Darren da babansa suka sauko da ƙarfen daga mota, naɗe cikin tsohon bargo. Da suka yaye, har Mama sai da ta ce kai. Baƙi wuluk, yana sheƙi, gwiwoyin sun lanƙwasu sumul babu ko lotsawa, waldar kamar an jera ƙwayar shinkafa. Ga ƙafafu biyu na tokare da za su koma baya, ga faranti mai ramukan noti a kowane gindi. Suka ɗora shi, ya zauna daram, ramuka suka hau kan ramuka.

"Josette, zo ki riƙe min wannan," in ji Darren.

Na tattara rigata na durƙusa kusa da shi, na riƙe sifana yana ɗaure noti. Bai dube ni ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Na ƙara masa tsawo."

"Me?"

"Kusan taƙi guda. Ranar da Tevita ya shigo na ga inda kansa ya kai a jikin ƙofata, bayan kun tafi na auna. In ya zauna a kujerar nan da hula, ƙarfen zai rufe shi."

Hannuna ya saki sifanar ta faɗi. Na ce, "Darren, me ya sa?"

"Ba na yin ƙarfen da zai bar kan mutum a waje." Ya ɗauki sifanar ya mayar min a hannu. "Ban ce na haƙura ba, kada ki ji ni ba daidai ba. Har yanzu ina nan. Amma wannan aiki ne."

Wayyo ni. Na kwana biyu ina shirya yadda zan tsane shi, ina jiran ya yi min gori ko ya nemi lada, ga shi ya ƙwace min ko wannan. Idona ya cika, na sunkuyar da kai kamar notin nake dubawa. Anti Connie ta ce wa Mama, "Dube su, kamar an haife su tare."

Sai muka ji ƙwanƙwasa. Baba ne, yana dukan hannun kekensa da zoben hannun hagu, yadda yake yi in yana son magana. Ba murmushi yake ba. Idonsa na kan ƙarfen, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. Ya nuna bango.

"Salvu, me kake so? Ruwa?" in ji Mama.

Ya girgiza kai, ya sake nuna falangen. Ba yadda na iya, na sauko da shi. Ya yi min alama na kara a jikin ƙarfen. Na kara. Faɗi ya yi daidai, gwiwa ta yi daidai, amma a sama ga tazara nan a fili, kowa na gani.

Darren ya yi gyaran murya. "Kawu, ai gara ya ɗan yi sama, saboda..."

Baba ya ɗaga masa hannu, ya katse shi. Wannan mutumin ya shekara ashirin yana auna motar nan, babu mai gaya masa gara. Kuma ba Darren yake kallo ba. Ni yake kallo. Bakinsa ya fara motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, muka tsaya muna jiran kalmar ta fito.

"Do... go."

"Salvu, kada ka wahalar da kanka," Mama ta matso da sauri tana gyara masa bargo, ta watso min wani kallo ta saman kansa.

Ya ture hannunta. "Dogo. Wa?"

Wayata ta yi zuu a aljihun rigar, ta sake yi. Ban iya taɓa ta ba, falange na hannuna biyu. Na dubi Darren, ya dubi ƙasa. Na dubi Mama, ta girgiza min kai a hankali, kuma wallahi ba fushi na gani a idonta ba, tsoro ne. Fuskar Baba ta yi ja. Ban san ko jinin ne ke hawa ba, ko ƙoƙarin magana ne kawai.

Nanna ce kaɗai ba ta san abin da ake ciki ba. Tana zaune a bakin gareji a kan kujerar roba, tana fuskantar titi, ta ɗaga sandarta ta nuna ƙofar gida.

"Doris," ta kira Mama da muryar nan tata da ake ji har maƙwabta, "wane ne wancan ƙaton da ya ɗaura tabarma a ƙugu? Ga wata dattijuwa tare da shi, sun riƙo kaya niƙi-niƙi. Ku buɗe musu mana, tun ɗazu suke tsaye."

Babu wanda ya motsa. Baba ya kama tayar kekensa da hannun hagu, ya fara juya kansa wajen ƙofa, shi kaɗai, a karkace, kaɗan-kaɗan. Da keken ya ƙi tafiya daidai, ya ɗago ya dube ni.

"Tura," ya ce.